Jigon Shara a Finafinai da Hotunan Yayi

Akwai jigogin da ba su cika samun mazauni a littattafan nazari ba, ko da yake kullum suna kai da komo a gaban masu kallo. Ɗaya daga cikinsu shi ne shara. Tun daga 1969, lokacin da shirin yara na talabijin ɗin Amurka mai suna Sesame Street ya fito da wani dodo mai baƙin rai, Oscar, wanda gidansa garwar shara ce, har zuwa gajerun hotunan da ake turawa daga waya zuwa waya a yau, shara ba ta daina dawowa ba, a talla, a fim, a hoton jarida, har a gasar samari ta intanet. Manufar wannan muƙala ita ce ta feɗe yadda ake sarrafa wannan jigo, musamman a cikin abin da za a kira hoton yayi, watau hoto ko guntun bidiyo da ya bazu hannu da hannu cikin 'yan kwanaki har miliyoyin mutane suka gan shi. Abin da ake son tabbatarwa shi ne irin wannan hoto yana nuna shara a tsakiyar tafiyarta kurum. Yakan yanke mata kai, watau wanda ya ƙera ta, ya kuma yanke mata wutsiya, watau inda za ta bayan an rufe kyamara. Wannan yanka shi ke zaɓar wa mai kallo wanda zai ɗora wa laifi.

Ya kamata a fara da kalmomi, domin Hausa ta riga ta rarrabe abin da hoton ke cuɗewa. Shara ita ce abin da tsintsiya ta tattaro. Juji kuwa wuri ne, kuma wuri mai gobe: toka da kashin awaki da ɓawon gyaɗa suna ruɓewa a kansa har su zama taki, sa'an nan kafin damina a kwashe a mangala a kai gona. Masu nazarin noman karkarar Kano, irin su Michael Mortimore a shekarun 1960, sun bayyana yadda jakuna ke shiga birni da itace su fito da takin juji. Saboda haka Bahaushe bai ɗauki juji a kan ƙarshen abu ba. Uwa mai wabi takan sa wa jariri Ajuji, a nuna kamar an yar da shi domin mutuwa ta raina shi ta wuce, kuma in an ce babba juji ne, ai yabon mai haƙuri ake yi. Bola ita ce ta birni, ta zamanin gwangwani da leda da roba, abubuwan da ƙasa ba ta ci. Sharar da finafinai ke nunawa kusan duk ta bola ce, kuma tambayar da juji ya amsa tun da daɗewa, wai ina abin zai koma, ita ce bola ta bar ta a buɗe.

Hawayen 1971

Samfurin da hotunan baya suka bi ya fito ne a talabijin ɗin Amurka ranar 22 ga Afrilu, 1971. Talla ce ta minti ɗaya. Wani dattijo cikin shigar 'yan asalin ƙasar, waɗanda Turawa suka laƙaba wa suna Indiyawa, yana tuƙa kwalekwale a wani kogi. Da fari ruwan garau yake, sannu a hankali takardu suka fara yawo a kansa, ga masana'antu can suna tuttular hayaƙi. Ya ja kwalekwalen gaɓa, ya taka zuwa bakin wani babban titi, sai wani ya wurgo ƙunshin shara ta tagar mota, ya fashe a ƙafarsa. Ya juyo ya dubi mai kallo, hawaye guda ya gangaro. Wata murya ta rufe da cewa mutane ne ke jawo ƙazantar muhalli, su ne kuma za su iya tsai da ita.

Ta fuskar zubi da tsari, tallar gwanar ce, ba a musu. Tafiya ce daga tsabta zuwa dauɗa, tauraron bai furta kalma ko ɗaya ba, kuma an ajiye ƙololuwar labarin a kan digon ruwa guda. Amma abin lura shi ne inda aka sa ƙololuwar. Dattijon ya wuce masana'antu idonsa a bushe. Bai yi kuka ba sai da hannun mutum ɗaya ya yi jifa. Ke nan tsarin fim ɗin da kansa ya yanke hukunci tun kafin muryar ta yi magana: hayaƙin kamfani ado ne na bayan fage, laifi kuwa na mai jifa ne.

Wanda ya san masu tallar ba zai yi mamakin wannan hukunci ba. Ƙungiyar Keep America Beautiful ce ta sa aka yi ta, kuma an kafa ƙungiyar a 1953 da hannun kamfanonin gwangwani da kwalba, irin su American Can da Owens-Illinois, daga baya su Coca-Cola suka shiga. A wannan shekara ta 1953 jihar Vermont ta kafa dokar hana sayar da giya a kwalbar da ba a mayarwa, dokar da ba ta wuce shekara huɗu ba. A 1971 kuma, shekarar tallar, jihar Oregon ta kafa dokar kuɗin kwalba, watau mai saye ya ajiye 'yan kuɗi a kan kwalba ko gwangwani, in ya mayar a ba shi abinsa. Irin waɗannan dokoki suna mayar da nauyin shara kan wanda ya ƙera mazubin, shi ya sa kamfanonin suka yaƙe su, har wasu ƙungiyoyin kare muhalli suka janye daga ƙungiyar a tsakiyar shekarun 1970. Masanin tarihi Finis Dunaway ya bi diddigin wannan al'amari a littafinsa Seeing Green na 2015. An bar jaki ana dukan taiki, kuma mai jakin ne ya sayo sandar.

Wani abin kuma, shi dattijon, Iron Eyes Cody, ba ɗan asalin ƙasar ba ne. A Louisiana aka haife shi, iyayensa kuwa daga Sisili ta Italiya suka zo, kamar yadda wata jaridar New Orleans ta tona a 1996. A 2023 ƙungiyar ta miƙa haƙƙin tallar ga majalisar ƙabilun 'yan asalin Amurka, su kuwa suka jingine ta. Masu sharhi sun fi son wannan ɓangare na labarin saboda daɗin tonon asiri, amma ƙaramin aibi ne in an gwada shi da na farko. Da ma ɗan asalin ƙasar ne na gaske, hawayen dai a wuri guda zai zuba.

Kunkuru da jakunkunan leda

Da intanet ta zo, salon bai sake ba, sai dai ya ƙara gajarta. A watan Agusta na 2015 wata mai nazarin halittun teku, Christine Figgener, ta ɗauki bidiyo na kimanin minti takwas a cikin wani ƙaramin jirgin ruwa a gaɓar Kosta Rika. Abokin aikinta yana ƙoƙarin zaro wani abu daga hancin kunkurun teku da 'yar filaya. Sun zaci tsutsa ce. Kunkurun yana atishawa, jini na zuba, can sai ga siririn bututun roba irin wanda ake zuƙar lemo da shi, tsawonsa kamar santimita 10. Wannan ba shiri ba ne, ba kuma kamfani ne ya biya ba, kuma zafin da dabbar ke ji na gaske ne. Duk da haka aikin da hoton ya yi a zukatan jama'a irin na 1971 ne, hawaye ya zama jini, mai jifa ta taga ya zama mai shan lemo. A 2018 birnin Seattle ya hana amfani da irin wannan bututu, kamfanin Starbucks ya yi shelar zai daina, Tarayyar Turai kuma ta sa shi cikin kayan da ta haramta daga 2021.

Ba laifi ba ne a hana bututun. Sai dai a wannan shekara ta 2018 binciken da aka wallafa a kan babban tarin robar da ke yawo a arewacin tekun Fasifik ya nuna cewa aƙalla kashi 46 cikin 100 na nauyinsa ragar kamun kifi ce da jiragen masunta suka zubar ko ta kuɓuce musu. Raga ba ta shiga aljihun mai kallo, ba ya riƙe ta a hannu kullum, saboda haka ba ta da ƙofar da za ta bi ta zama yayi. Hoton yayi yana bukatar laifin da mai kallo zai iya tuba daga gare shi kafin la'asar, kuma wannan bukata ce ke zaɓar sharar da za a nuna, girman ɓarnar ba ya cikin lissafi.

Gasar da ake kira #TrashTag ta kai wannan salo ƙarshensa. Wani kamfanin kayan yawon daji ne ya fara ta a 2015 ba ta yi tasiri ba, sai a watan Maris na 2019 wani mutum a jihar Arizona ya sa hotuna biyu na wani saurayi ɗan Aljeriya a Facebook, yana ƙalubalantar matasa su kwaikwaya. A hoton farko saurayin yana zaune a tsakiyar fili cike da shara. A na biyu filin tas, shi kuma yana tsaye a bayan jakunkunan leda ɗaurarru. Dubban mutane a ƙasashe da dama suka yi irin haka, kuma lalle an share wurare masu yawa. Amma a dubi labarin a matsayinsa na labari: fage biyu ne kawai, kafin da bayan, ba na uku. Sharar tana nan a hoto na biyu, ba ta ragu da ko awo ɗaya ba, an dai tufatar da ita, tufar ma ta leda. Inda jakunkunan suka kwana, da wanda ya ɗauke su, da unguwar da aka kai su, duk suna wajen hoton. Haka nan gangamin #TeamSeas na 2021, wanda MrBeast da Mark Rober na YouTube suka jagoranta, ya tara dala miliyan 30 domin kwashe kimanin tan 13,600 na shara daga teku da koguna. Ƙiyasin da Jenna Jambeck da abokan aikinta suka wallafa a 2015 ya ce robar da ta shiga teku a 2010 ta kai wajen tan miliyan 8. In an raba wannan da kwanakin shekara, za a ga abin da gangamin ya kwashe bai cika zubin yini guda ba.

Fim ɗin zane na WALL-E, wanda kamfanin Pixar ya fitar a 2008 ƙarƙashin Andrew Stanton, ya fi waɗannan gaskiya a wuri ɗaya. A cikinsa babu wajen hoto da za a kai shara, domin duniyar duka ta zama bola, mutane sun tsere a kumbo sun bar wani ɗan mutum-mutumin inji yana dunƙule shara yana jera ta kamar tubali shekara 700. Fim ɗin ya ma ambaci mai laifin, wani ƙaton kamfani da ya haɗiye kasuwa da mulki, ko da yake kamfanin ƙage ne, kuma zargin ƙagaggen kamfani ba ya hana kowa barci. Abin da ya fi jan hankalin manazarci shi ne sana'ar tauraron. Yana tona, yana zaɓe, yana adana abin da ya ga zai yi amfani, yana gyara jikinsa da sassan 'yan'uwansa da suka mutu. A wani wuri ya tsinci zobe mai lu'ulu'u a cikin ɗan akwati, ya yar da zoben ya ajiye akwatin. Wannan ɗan jari-bola ne sak. Duniya ta ƙaunace shi, har aka ba fim ɗin kyautar Oscar a 2009, watakila saboda shi mai tonon bola ne da ba ya wari, ba ya tari, ba ya neman lada.

Legas da Akara

Masu tonon bola na gaske, masu tari da neman lada, su ma sun shiga fim, kuma a nan ne jigon ya taɓa rayuwar mutane kai tsaye. A watan Afrilu na 2010 tashar BBC ta nuna shiri mai kashi uku, Welcome to Lagos, kashin farko a kan bolar Olusosun da ke Ojota. Wole Soyinka ya soki shirin da cewa raini ne irin na 'yan mulkin mallaka, jakadan Nijeriya a Ingila na lokacin, Dalhatu Tafida, shi ma ya kai ƙorafi. Sukar tana da tushe. Wanda ya sa wa shiri sunan birni duka, sa'an nan ya buɗe da bola, ya riga ya faɗi wani abu game da birnin. Amma in an auna shirin da ma'aunin wannan muƙala, sai a ga ya yi abin da sauran suka kasa, watau ya bi wutsiyar. An ga motar shara ta juye, an ga mutane sun rufar mata da ƙugiyoyin ƙarfe, an ga an ware roba da ƙarfe da waya, an ɗora a sikeli, an yi ciniki, an biya. An ga mazauna wurin da shugabansu mai raba gardama. An ji wani matashi, wanda ake kira Vocal Slender, yana bayyana yadda yake tara kuɗin bola domin ya biya ɗakin ɗaukar waƙa. Mutanen suna magana da bakinsu, suna lissafi, suna raha. A wannan shiri bola ta koma kusa da juji, wuri mai gobe, ko da yake goben ta masu narkar da ƙarfe ce fiye da ta masu tonon.

Agbogbloshie ta birnin Akara kuwa ta sami akasin haka. Kasuwar tsofaffin ƙarafa ce a bakin kogin Odaw, daura da unguwar Old Fadama, wadda sunanta ya fito daga kalmar nan ta Hausa, fadama. Yawancin ma'aikatanta samari ne daga arewacin Ghana. A wani gefe nata ana ƙona wayoyin lantarki da tsofaffin tayoyi domin a fitar da jan ƙarfe, kuma wannan gefe ne masu ɗaukar hoto suka yi ta tururuwa zuwa gare shi. Hotunan Pieter Hugo na Afirka ta Kudu, waɗanda ya ɗauka a 2009 da 2010 ya kira su Permanent Error, suna nuna samari tsaye shiru cikin baƙin hayaƙi, ga shanu kwance a kan toka, ga fasassun kwamfutoci. Fim ɗin wasu 'yan Ostiriya na 2018 ya ɗauki laƙabin da ake yi wa wurin na birnin mutanen Annabi Luɗu ya sa a sunansa, Welcome to Sodom. Jaridu suka riƙa kiran wurin bolar kayan lantarki mafi girma a duniya, inda wai Turai ke juye matattun na'urorinta.

Gubar gaskiya ce. Wani bincike na 2019 ya sami dafin dayoksin a ƙwan kajin da ke kiwo a wurin, har wanda ya ci ƙwai ɗaya ya zarce iyakar yini da hukumar abinci ta Turai ta gindaya sau 220. Sai dai labarin da aka ɗora wa hotunan bai tsaya daidai ba. Rahoton da sakatariyar yarjejeniyar Basel ta bayyana a 2012 ya nuna cewa har kashi 85 cikin 100 na sharar lantarkin ƙasashen Afirka ta Yamma da aka bincika daga amfanin cikin gida take fitowa, kuma yawancin kayan gwanjon da ke shigowa suna aiki ko suna gyaruwa. Watau talabijin ɗin da aka fasa a Agbogbloshie sau da yawa ya yi shekaru a wani ɗaki a Akara kafin mai kura ya saye shi. A nan hoton bai yanke kai kawai ba, ya ɗinka wa sharar wani kan da ya fi dacewa da mai kallo na Turai, wanda ke son ya ji kunya ta ɗan lokaci a kan tsohuwar wayarsa. Masu gyara, masu haɗa kwamfuta ɗaya daga matattu uku, masu ƙera tukwane da murhu daga narkakken alminiyam, ba su cika shiga hoton ba, domin ba su tsaye cikin hayaƙi. Hotunan sun zaga ɗakunan nune-nune na Turai da Amurka. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ranar 1 ga Yuli, 2021, hukumar yankin Akara ta turo motocin rusau da jami'an tsaro suka baje kasuwar. Ba za a ce hotuna ne suka rushe ta ba, hukuma tana da nata dalilan na cunkoso da na fili. Amma wurin da aka yi shekaru ana kira da sunan birnin da Allah ya halaka ba ya samun masu tsaya masa da yawa ranar da aka zo rushe shi. Aikin bai mutu ba, ya watsu ne cikin unguwanni da bayan gidaje, inda hayaƙin ya fi kusa da masu barci kuma ba mai zuwa ɗaukarsa hoto.

Hausa ta ba wannan sana'a suna da ya fi na jaridun duniya adalci. Jari-bola kalma ce da ta haɗa abu biyu da hoton yayi ba ya iya riƙewa tare, dauɗa da dukiya, kuma samarin Arewa da yawa ne ke tura kura a biranen Nijeriya a kanta. A Abuja, inda ake ce musu baban bola, hukuma ta hana su yawo cikin birni a 2018, ta kuma sake hanawa a watan Janairu na 2025, bayan da aka yi ta satar murafun ƙarfe na magudanan tituna, hotunan ramukan da aka bari a buɗe suka bazu a wayoyi. Satar ta auku, kuma rami a tsakiyar titi yana iya kashe mutum. Murfin ƙarfe dai ba ya narkewa a cikin buhu. Sai ya hau sikeli, ya shiga mota, ya isa tukunyar da ke mai da shi rodin gini, kuma wannan sashe na tafiyarsa ba shi ne ya zaga wayoyin mutane ba.